Sai Adda Ta Faɗa Da Bakinta

Ni mai keke ne, mai ƙafa ukun nan. Ina ɗaukar fasinja daga bakin Kasuwar Muda Lawal zuwa Gubi, in na samu wasu a can in dawo da su. Keken ba nawa ba ne, na Alhaji Abdulsalam ne. Kullum da yamma nake kai masa balas, abin da ya rage shi ne namu, ni da mahaifiyata. Sunana Hammadu. Na faɗi sunan tun da wuri ne domin a kansa aka sha wahala.

Wata safiya ciyaman ɗin tasharmu, Ɗanlarai, ya hau kan benci ya ce kowa ya kashe inji. Muka kashe. Ya ce gwamnati ta yi doka, inshorar lafiya ta zama dole a kan kowa, kuma ƙungiya ta zauna da masu abin an daidaita. Duk wanda ba shi da kati ba za a sabunta masa sitika ba. Wanda ba shi da sitika kuwa ya san inda zai kai kekensa, ba dai nan ba.

Auwalu, wanda kekensa yake bayan nawa a layi, ya ɗaga hannu.

"Ciyaman, to wanda lafiyarsa ƙalau fa?"

"Shi ma dole."

"In shekara ta ƙare ban yi ciwo ba, za a mayar mini da kuɗina?"

"Sai ka gode wa Allah."

"Ai kullum ina gode masa, kuma kyauta."

Ɗanlarai bai yi dariya ba, ya ci gaba da bayani. Ya ce akwai katin mutum shi kaɗai, shi ne mai sauƙi. Akwai na mai iyali, da mata da 'ya'ya huɗu, wanda ya haifi fiye da haka ya koma gida su yi shawarar wanda za a bari. Sannan akwai na tsakiya, wanda ƙungiya ta roƙo saboda irinmu: kai da mutum ɗaya, ko matarka, ko uwarka, ko ubanka.

Ni ba ni da mata. Ubana ya rasu tun muna zaune a ruga a bayan dam ɗin Gubi, shekarar da shanunmu suka ƙare. Saura uwa.

Mu Fulani ne, ko da yake yanzu a Fadaman Mada muke haya, ɗaki biyu, ba saniya ko ɗaya sai akuya. Ni ne ɗanta na fari. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kuma cewa nata ne. Kunya ce. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a hannunta na tashi. Na ji ƙannen mahaifiyata suna ce mata Adda, wato yaya, ni ma sai na bi su. Har yau Adda nake ce mata. Ita kuwa ba ta ce mini komai. In na shigo gida sai ta dubi bango ta ce, "An dawo?" In ce an dawo. In abinci ya nuna sai ta ce wa akuya, "Ga tuwo can yana hucewa." Ni da akuyar mun san da wa ake. Ƙanwata Humaira, da take aure a Gubi, sunanta a bakin Adda ba ya hutawa: Humaira zo, Humaira tafi, Humaira ba ki da hankali. Ban taɓa jin haushi ba. Haka na tarar da abin.

Hawan jini ne da Adda. Mun sani ne ranar da ta faɗi a bakin turmi, tana cikin dakan fura. Tun daga nan nake sayo mata magani a kamis, in kasuwa ta yi kyau na sati, in ba ta yi ba na kwana biyu. In ta ga ƙwayoyin sun kusa ƙarewa sai ta riƙa gutsurar rabi, ta ƙulle sauran a bakin mayafi. Na ce mata mai kamis ya hana. Ta ce wa bango mai kamis ba shi yake tuƙa keke a rana ba.

Saboda haka da Ɗanlarai ya ce da katin za a riƙa auna jini, a ba da maganin wata guda cur, sai na ji abin ya shige ni. Amma na tsakiyan ya yi mini tsada. Kuɗinsa daidai da abin da na daɗe ina tarawa don tayoyin baya, domin a yarjejeniyarmu da Alhaji taya a kaina take.

Na fara neman hanya mai sauƙi tukuna. An ce akwai katin kyauta na tsofaffi da marasa galihu, a hannun mai unguwa sunayen suke. Na je na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya saurare ni sosai, mutumin kirki ne. Ya ce, "Hammadu, wannan na waɗanda ba su da kowa ne. Ita kuwa tana da kai." A nan na fara sanin cewa ni galihu ne. Na gode masa na fito.

Na je wurin Bappa, ƙanen mahaifina, da yake sayar da igiya da gishirin dabbobi a kasuwa. Ya ce shi abin bai kwanta masa ba.

"Mutum ya biya kuɗin ciwo tun ciwo bai zo ba? Wannan ai gayyata ce."

"Bappa, nata ai ya riga ya zo."

"To naka fa?"

"Nawa dole ne aka ce."

"Dole." Ya jinjina kai. "Da can allurar shanu ce dole. Yanzu da shanu suka ƙare an dawo kanmu."

Daga baya ya ce ya tambayi limaminsu, an ce masa ba caca ba ce, taimakon juna ne, mai lafiya ya ɗauki marar lafiya. Ya ce in haka ne in je in yi, amma shi kada a saka shi.

Sai maganar asibiti. An ce kowa ya zaɓi guda ɗaya cikin waɗanda aka amince da su, kuma in ka zaɓa ka zaɓa sai shekara ta zagayo. Biyu ne kusa da mu. Na je na leƙa dukansu. Ɗaya yana da sabon fenti da gilasai, amma mutane a tsaye suke a rana. Ɗayan ba fenti, amma akwai benci dogaye a inuwar darbejiya. Na zaɓi mai benci, domin ni a sanina asibiti jira ne.

Na duba tayoyin nan na baya da kyau. Na ga za su iya ƙara haƙuri. Na kai kuɗin wa sakataren ƙungiya, ya ce in kawo tsohuwa a ɗauke ta hoto.

Masu rajistar sun kafa rumfa a gefen tasha, kusa da mai faci. Wadda take ɗaukar mutane sunanta Madam Roda, babbar mace ce mai tabarau, tana riƙe da wata na'ura kamar waya amma faɗinta ya kai faranti. Na kawo Adda da hantsi, ta saka mayafinta mai ruwan shuɗi na zuwa suna. Muka bi layi. Duk tsawon layin ba ta tsaya kusa da ni ba, ta bar mutum biyu a tsakaninmu, ana matsawa tana matsawa.

Da aka zo kanmu Madam Roda ta ɗauki hotona, na dangwala yatsa. Ta ɗauki na Adda, ita ma ta dangwala. Na ɗauka an gama, har na fara laluben makulli.

"Tsaya, malam direba, saura magana ɗaya. Ku tsaya tare in ɗauke ku. Mama za ta faɗi sunanta, ta faɗi naka, ta ce kai ɗanta ne. Shi ke nan."

Na ce, "Madam, ba a gaya mana haka ba."

"Sabon abu ne. A wata tasha wani ya kawo mai abincinsu ya ce uwarsa ce, alhali ya girme ta. Wani kuma ya sayar da gurbinsa wa maƙwabciya. Yanzu ofis sun ce sai sun ji da kunnensu." Ta ɗaga na'urar. "Mama, matso kusa da shi. Yauwa. Mene ne sunanki?"

"Bintu."

"Mama Bintu, wannan wane ne a wurinki?"

Adda ta dubi tarin tsofaffin tayoyin mai faci. Ta daɗe tana dubansu.

"Mai keke ne," ta ce.

"E, na gani. Amma ɗanki ne?"

"Ɗan mutanen Gubi ne."

"Ke kika haife shi?"

Can ta ce, "Na san kakarsa."

Mutanen layi suka fara dariya. Ni ban yi ba, ina kallon ƙafata. Na ce a hankali, "Adda, ku yi haƙuri, magana ɗaya ce."

Madam Roda ta sauke na'urar. "Adda? Yayarka ce? Ba a saka yaya a wannan katin."

"Ba yayata ba ce."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi Adda, ta dubi zanen fuskarta. Sai ta dafa goshi.

"Wayyo ni. Ɗan fari ne?"

Na ɗaga kai.

"Na sani, na sani. Da Fulani muka tashi a ƙauyenmu, ƙawata har ɗanta ya yi aure ba ta taɓa kallon fuskarsa sosai ba. Ni na yarda, ga hanci iri ɗaya. Amma ba ni ce mai yarda ba. Wanda yake kallon wannan a ofis ba ya duba hanci, magana yake jira. In bai ji ba, zai cire ta, ka zauna kai kaɗai a katin sai baɗi."

"In na kawo Bappana ya yi shaida fa?"

"Duk waɗanda aka kama, da shaidar kawu suka zo."

"Takarda fa?"

"Kana da takardar haihuwa?"

A ruga aka haife ni. Wadda ta yanke mini cibiya ta daɗe da rasuwa, kuma ko tana da rai ba ta rubutu.

Madam Roda ta ce suna nan har ƙarshen mako, in mun shirya mu dawo. Kafin ta rufe baki Adda ta riga ta kai wurin keke, ta shiga baya ta zauna. Da na zo ta ce wa kujera, "A kai ni gida." Na kai ta. Da muka kai ƙofa ta ce rana ta yi zafi yau.

Da na koma tasha labari ya riga ni. Auwalu ya tare ni tun ban kashe inji ba.

"Hammadu, nawa ka biya tsohuwar? Ka ga abin da rowa take jawowa. Da ka cika mata kuɗinta da ta amsa."

"Uwata ce."

"Ita ta ce ba ta san ka ba, kakarka ta sani."

Aka kwashe da dariya. Daga ranar suka sa mini suna Mai Hayar Uwa. In fasinja ya zo sai su ce, "Shiga na Mai Hayar Uwa, shi ne a layi." Mafi yawansu wasa suke, sun san Adda, wasu har furarta sun sha. Amma tasha tana da sababbin mutane, kuma akwai masu dako da masu tura baro da ba su san wasa ba ne. Wata mai sayar da gyaɗa har ta ja ni gefe ta ce in ba a samu daidaito da waccan ba, ita tana da hawan jini, kuma ba ta da kunya.

Ɗanlarai ya kira ni ya ba ni shawara irin ta manya.

"Ka yi aure kawai, ka saka matar. Mata ba sa musun miji a gaban kyamara."

"Ciyaman, ai ba matar ce take da ciwon ba."

"To ka bari, da zama da kai zai zo mata."

Bappa ya zo gida da kansa, ya zauna a tabarma, suka gaisa da Adda da Fulatanci har gaisuwar ta ƙare. Ni ina ƙofar ɗaki ina gyaran fitila. Ya ce mata zamani ne, yanzu ko a Makka sai an faɗi suna. Ya ce na'ura ba mutum ba ce, ba a jin kunyar ƙarfe. Ta bar shi ya gama.

"A gaban uwata ban faɗa ba," ta ce. "A gaban yayanka, Allah ya jiƙansa, ban faɗa ba. Sai a gaban faranti?"

"To maganin fa?"

"Da can da wane kati nake sha?"

Bappa ya sha furarsa ya tashi. A waje ya ce mini, "Ka ga, gaskiya tana da gaskiya." Shi ke nan taimakon da na samu daga gare shi.

Ni kuma, in faɗi gaskiya, ban matsa mata ba. Ban ma san yadda ake roƙon irin wannan ba. Mutum ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya ce ki faɗi sunana? Ko a zuci na gwada sai in ji kunya ta kama ni har wuya. Na fara cewa a raina to a bar shi, mu ci gaba da kamis ɗinmu, baɗi ma shekara ce. Sai dai a makon nan sau biyu na ga ta miƙe daga tsugune ta dafa bango, ta tsaya tana jiran ƙasa ta daina juyawa. Ta ɗauka ban gani ba. Ni ma na yi kamar ban gani ba, domin haka muke yi.

Humaira ce ta ɓata shirun. Ta zo kasuwa sayen kayan miya, ta biyo ta tasha don in kai ta wurin Adda, ta ji ana kirana da sabon sunan. Muna shiga gida ta ajiye kaya ta fara.

"Inna, kin san abin da ake ce wa Hamma a tasha?"

Ita Inna take ce mata, kuma ba ta tauna magana.

"Ana cewa ya yi hayar tsohuwa don ya cuci gwamnati. Ana cewa ba shi da uwa, a bola aka tsince shi, wata ya je ya ɗauko a Fadaman Mada ta tona masa asiri. Har masu dako suna nuna shi."

Maganar bola ni ban ji wani ya faɗa ba. Humaira tana da ƙari. Na ce, "Ke, wasa ne suke yi."

"Wasa? Mutumin da ko canjin fasinja ya manta sai ya bi shi har gida, shi ake ce wa macuci?"

Adda tana tankaɗe. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare a rariya, ta ci gaba da kaɗa rariyar ba komai a ciki. Sannan ta ce, "Humaira, ba ki da hankali. Tashi ki tafi gidanki, rana ta yi."

Washegari ita ce ranar ƙarshe ta masu rajista. Na fito da safe da bokiti zan wanke keke, sai na tarar da mutum a kujerar baya. Mayafin shuɗi, hannu a kan gwiwa, tana kallon gaba. Ban tambaya ba. Na ajiye bokitin na tayar da inji.

Layin ya fi na ranar farko, domin kowa sai ranar ƙarshe yake tuna dole. Madam Roda ta hango mu ta yafito mu da hannu. Adda ta matsa kusa da ita ta yi mata magana ƙasa ƙasa. Madam Roda ta saurara, tana gyaɗa kai, sannan ta juyo.

"Mama ta ce sharaɗi biyu. Ba a gaban maza ba. Kuma kai ka toshe kunne."

"Ofis za su yarda?"

"Sun ce ku fito tare a hoto. Ba su ce sai ka ji ba."

Ta bar teburinta ta kai mu bayan wata doguwar mota da ake loda buhunan masara. Wurin ba kowa sai inuwa da warin gas. Ta tsayar da Adda a nan, ni a nan, ta ce mu matso. Muka matso kaɗan. Ta ce mu ƙara. Rabona da tsayawa kusa da Adda haka tun ranar da na ɗauke ta daga bakin turmi.

Na saka yatsu a kunnuwa na danna sosai. Don kada wani abu ya tsallako, na riƙa karanta Ƙulhuwallahu a maƙogwaro, ina jin ƙararta a cikin kaina. Idona a kan na'urar. Ta gefen ido na ga mayafin ya motsa kaɗan, ya tsaya. Madam Roda ta sauke hannu. Na cire yatsuna.

Ta danna ta kara na'urar a kunnenta. Ta sake dannawa. Ba abin da yake fita sai ƙarar buhuna da ihun masu dako.

"Mama, ki yi haƙuri," ta ce. "Na'urar ba ta ji ba."

"Me?" in ji Adda.

"Kin yi ƙasa da murya sosai. Ko ni da nake tsaye bakinki kawai na gani. Sai an sake."

Ban taɓa ganin fuskar Adda haka ba. Abin da ta riƙe tun kafin a yaye ni, ta fitar da shi da ƙyar, an ce wai bai fita ba. Madam Roda dai ta san aikinta, domin tana maganar ta riga ta ɗaga na'urar ta danna. Ni kuma na fara kai hannu kunne. Ban kai ba.

"Ni Bintu!" in ji Adda, da muryar da take kiran shanu da ita daga ƙetaren rafi. "Hammadu ɗana ne! Ni na haife shi, da damina, a rugar bayan dam, kuma wahala ya ba ni, kwana na yi! Ba hayata ya yi ba! Ta ji ko ba ta ji ba?"

Masu dako suka tsaya da buhuna a ka. Can wajen layi ma surutu ya ɗauke.

Madam Roda ta duba. "Ta ji, Mama."

"To."

Daga baya Madam Roda ta nuna mini hoton. Ga Adda tana kallon na'ura kamar za ta mare ta. Ga ni a gefe, hannuwa biyu a sama, baki a buɗe, kamar wanda 'yan sanda suka tare. Ta ce haka za ta tura, ba a gyara wa ofis hoto.

Da muka fito daga bayan motar ba wanda ya yi dariya. Auwalu yana layi, ya cire hula ya sake sakawa. Wani dattijon Bafulatani da ya kawo ɗansa rajista ya sunkuyar da kai ya ba mu hanya, bai dube ta ba, don kada ya ƙara mata nauyi. Ita kuwa ta ja mayafi har hanci ta wuce.

Ni ban san abin da zan yi da abin da na ji ba. Ashe haka take faɗin sunan, da jan ƙarshensa kaɗan, ba kamar yadda 'yan tasha suke datse shi ba. Na tuƙa keken ina jujjuya shi a kaina. Ban ce na ji ba. Ba ta tambaya ba.

Kusan mako guda ko bango ba ta yi wa magana a kaina ba. In na shigo sai ta shige ɗaki. Tuwo dai ina tarar da shi a rufe a inda aka saba. Sai wata yamma na shigo na ji ta ce wa akuya, "Wasu ba sa cin abinci da rana, sai ramewa suke." Na san an huce.

Katin ya daɗe bai fito ba. Da ya fito kuma aka ce sai ya ƙara wasu makonni kafin ya fara aiki. Muka jira, da kamis ɗinmu. Ranar da na kawo shi gida Humaira tana nan, ita ce mai karatu a cikinmu. Ta karɓa ta duba, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Inna, kin san me suka rubuta? Bintu Hammadu."

Da yake Adda ba ta ba su sunan mahaifinta ba, kuma a ƙarƙashina take, sai suka liƙa mata nawa. Na koma na tambaya ko za a gyara. Aka ce za a iya, amma sai ta zo da kanta ta yi bayani a gaban na'ura. Na ce a bar shi haka.

Adda ta ce ba za ta ajiye wannan abu a ɗakinta ba. Saboda haka a aljihuna yake kwana, kuma duk ranar asibiti ni nake kai ta, in rasa lodin safe.

Ranar farko muka zauna a inuwar darbejiya, ita a bencin mata, ni a na maza. Aka daɗe. Can wata nas ta leƙo da kati a hannu.

"Bintu Hammadu!"

Ba wanda ya motsa.

"Bintu Hammadu! Ba ta zo ba ne?"

Adda tana kallon wata kaza da take tono a gindin bishiya. Na miƙe.

"Na'am."

Nas ɗin ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai ne Bintu?"

"A'a. Ga ta can, mai shuɗin mayafi."

"To kurma ce?"

"Tana ji. Ki ce mata mai shuɗin mayafi ta shigo."

Nas ta yi tsaki, ta ce ita ta ga abubuwa a wannan aiki. Amma ta faɗa. Adda ta tashi a natse ta shiga.

Na tsaya a bakin ƙofa ina jin su. Aka ɗaura mata abin awo a dantse, aka matsa, aka sake. Nas ta ce jinin ya hau da yawa amma za a shawo kansa, ta ƙirga magani ta zuba a 'yar takarda, na wata guda, ba wanda ya ce a kawo ko sisi. Ta ce a sha kullum da safe, a dawo wata mai zuwa, a rage gishiri, a kuma rage tunani.

Adda ta karɓa ta ƙulle. Ta dubi bangon asibitin, tunda shi ne a kusa, ta ce gishirin dai za a duba.